Tafiyar Kamu Ɗaya

Abin da ke kan sikeli a lokacin ba shi da wuyar ƙirgawa. A ɓangaren ƴata akwai aikin shekara biyar a wani ɗakin bincike a Turai, da wata huɗu da suka rage kafin burs ɗinta, kuɗin tallafin karatu, ya ƙare, da wata tafiya mai tsawon kamu ɗaya, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, wadda kayan bincikenta suka ƙi kammalawa. A ɓangarena akwai shago ɗaya na gilashi da madubi a Gaya, wanda na kafa sama da shekara talatin da suka wuce, da hannuwan nan biyu da suka soma rawa. In kayanta sun isa, za ta samu digirinta, kuma na san ba za ta dawo ta zauna ba. In ta haƙura ta bar su, za ta dawo gida, shagon ya samu magaji. Ba a cin duka biyun, kuma ni aka tambaya.

Ita ce autarmu. Sunan mahaifiyata aka raɗa mata, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Uwata nake ce mata tun tana cikin zanen goyo. Yayyenta maza biyu sun bi mota, suna jigila tsakanin Gaya da Yamai, kuma Allah ya sa musu albarka a can, amma hannunsu na tuƙi ne. Babban ya taɓa tsare mini shago mako guda, na dawo na tarar manyan madubai uku sun zama ƙanana goma sha ɗaya.

Ita kuwa tana da shekara goma sha biyu ta fara riƙe diyaman, ɗan ƙarfen nan da muke yanka gilashi da shi. Yankan gilashi ja ɗaya ne. Ka ɗora ma'auni, ka ja daga wannan baki zuwa wancan, ka ji ƙarar ta fito kamar ana yage sabon yadi. In ka koma kan layin karo na biyu, ka ɓata shi. Na koya wa mutane da yawa, wasu sai sun shekara kafin kunnensu ya gane ƙarar. Ita a mako na biyu ta gane. Gajeriya ce, sai ta taka akwatin katako kafin ta kai teburin, amma hannunta ba ya gardama da ita.

Tambaya ce kawai ta yi mata yawa. Wata rana na same ta tsaye tsakanin madubai biyu da na jingine suna kallon juna, tana ƙirga kanta. Ta tambaye ni me ya sa waɗanda ke can nesa suke yin duhu suna komawa kore-kore. Na shekara ashirin ina sayar da madubi ban taɓa lura ba. Na ce ta tambayi malaminta a lakwal. Ta tambaye shi, ya ba ta amsa, amsar ta haifi wata tambayar, haka aka yi ta tafiya har ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta wuce jami'a a Yamai, daga can aka ba ta burs zuwa Turai. Ban hana ba. A lissafina karatu kamar aika kaya ne a gyaro, za su dawo sun ƙara daraja.

Ranar Juma'a bayan la'asar take kiranmu, mu ga fuskarta a waya. A irin wannan hira ce, kaɗan-kaɗan, na fahimci abin da take yi, gwargwadon yadda kan mai shago zai ɗauka. Akwai akwatin ƙarfe mai tagogin gilashi, an zuƙe iskar cikinsa kaf. A ciki ake sakin ɗan tururin wani ƙarfe, ƙwayoyinsa ƙanana ne fiye da abin da ido zai taɓa gani, su ne ƙwayoyin zarra, ita tana ce musu atom. Suna gudu ko'ina kamar zuman da aka taɓa amyarsa. Ta ce zafi ba komai ba ne illa wannan gudun, sanyi kuma natsuwa ne. Sai a hasko su da hasken lazer ta fuska shida, gabas da yamma, kudu da arewa, sama da ƙasa. Duk inda ɗaya ta nufa, haske ya tare ta ya rage mata gudu, har su taru wuri ɗaya, ɗan dunƙule kamar ƙwayar gero, cikin sanyin da ƙanƙarar firigo garwashi ce a kansa.

Wannan duk share fage ne. Abin da take nema shi ne ta ɗauke su daga nan ta kai su ɗaki na biyu, inda madubai biyu ke kallon juna, tsakaninsu bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Haske in ya shiga wurin yana kai da komo sau dubbai kafin ya samu fita. In ƙwayoyin suna ciki, shi da su sai su zama kamar mutum biyu da ruwan sama ya tsare a rumfa ɗaya, dole su yi magana. Ita kuma aikinta ta saurari abin da ke wucewa tsakaninsu. Na tambaye ta wa ke sayen wannan. Ta ce ba a kai nan ba tukuna.

A shekararta ta uku na yi wani kuskure da har yanzu uwarta take yi mini dariya a kansa. Ta faɗa mana madubanta sun lalace, kuma sai an yi watanni kafin a kawo wasu. Raina ya ɓaci. Ƴar mai madubi tana can tana jiran madubi? Na zaɓi mafi kyau a shagon, mai kaurin mili biyar, ba tabo ko ɗaya, na goge bakinsa da kaina, na naɗe shi da bargo cikin akwatin katako. Yayanta ya kai shi Yamai, wani ɗan garinmu mai tafiya ya ɗauka a jirgi yana ta ƙorafi. Da ya isa ta kira ni, tana dariya tana share ido. Ta ɗauko ɗaya daga cikin nata da suka lalace ta nuna mini a kan yatsa, bai kai ƙwayar wake ba. Ta ce nawa ma ba za a bari ya shiga ɗakin aiki ba, don zai iya mayar da hasken lazer cikin idon mutum. A ɗakin shan shayinsu suka rataye shi. Ta ce malaminta, mutum mai sanƙo, kullum sai ya tsaya gabansa ya gyara gashin da ba shi da shi.

Bayan madubai sun samu, sai hanya ta ƙi. Da wani haske na daban ake ɗaukar ƙwayoyin, a matse shi ya zama ɗigo, su zauna cikin ɗigon kamar ruwa a ƙwarya. Gilashin da ke matse hasken yana kan wata ƴar kurar ƙarfe mai tafiya bisa dogo irin na jirgin ƙasa, in ta matsa ɗigon ya matsa, kayan su bi shi. Kamu ɗaya ne tsakanin ɗakunan biyu. Amma in aka isa, ko dai ba a tarar da komai, ko a tarar da ƴan kaɗan da suka yi zafi suna shirin watsewa. Fiye da shekara tana kan wannan.

Ni ma a lokacin ba daɗi nake ji ba. An rufe gadar da ke tsakaninmu da Malanbil, garin da ke ƙetaren iyaka, kaya suka koma ƙetare kogi a jirage. Gilashin da ya taso daga Kwatano lafiya sai ya zo bakin ruwa ya tsage. Ga hannuna kuma. Da safe da sauƙi, amma in rana ta take, layi ba ya fita miƙe. Wani magini daga Bengu ya kawo awon tagogi takwas, na ɓata biyu a gabansa. Ya kau da kai yana duba rufin shago, wannan kau da kan ya fi mini zagi ciwo. Ban faɗa wa ƴata ba. Uwarta ce ta faɗa mata, daga baya na sani.

Wata Juma'a ta kira, ba ta kunna hoton ba, murya kawai. Ta ce ta gaji. Ta ce wata huɗu suka rage, ko yau kayan suka isa da ƙyar za ta gama awo da rubutu. Ta ce ta ji labarin hannuna, kuma ba ta ga amfanin zama tana zubar da ƙwayoyi a ƙasar mutane ba alhali ubanta yana ɓata gilashi a gida. Ranar Litinin za ta yanki biye, tikitin jirgin dawowa gida. Sannan ta ce, "Amma sai abin da ka gani, Baba."

Uwarta ta ɗaga hannu sama tana hamdala tun kafin a kashe waya. Ni na ce zan ba ta amsa ranar Lahadi.

Ba zan ɓoye ba, na yi murna. Da safen Asabar, kafin in buɗe shago, na biya wurin kafinta na ba shi awon sabon teburin yanka, mai gajerun ƙafafu, don kada ta ci gaba da taka akwati tana babba. A hanya ina ta tsara yadda za a yi: ita ta riƙe yanka da awo, ni in koma saye da hulɗa da mutane, mu ɗauki aikin tagogin makarantu har Bana da Yelu. Yarinyar da ta iya lissafin haske, lissafin gilashi wasa ne a gare ta.

Da hantsi na sauka bakin kogi, ina da kaya da za su ƙetaro. Na tsaya ina kallon sarkawa suna sauke akwatuna, gilashin a tsaye kamar yadda na koya musu, ciyawa tsakanin kowane biyu. Wani ɗan kasuwa da ban sani ba yana zaune a kan yashi kusa da ni, buhunan simintinsa sun jiƙe a jirgi sun zama dutse. Yana ce wa duk wanda ya wuce ya sayi kekensa mai ƙafa uku, ko nawa ne, ya gama da wannan sana'ar. Mutum biyu suka tsaya suna taya keken. Na ji kaina ina ce musu su ji tsoron Allah su bar shi ya huce.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Dattijon da na koyi sana'a a hannunsa, mutumin Dandi ne, yana da doka. Wanda kayansa suka fashe ba ya sayar da shago, ba ya korar direba, ba ya yanke wata magana babba, sai kasuwa uku sun ci. A cikin makonni ukun kuma ba zama zai yi ba, sai ya hau mota ya bi kayansa da kansa, ya ga inda suke fashewa. Dokar tana da ɗaya gefen: kai ma ba ka sayen abin da aka kawo maka ranar asara. Ya tsare ni da ita a shekarata ta biyu, lokacin da lodina na farko ya zama tsakuwa a hanyar Doso, na ce zan koma noma. Na kiyaye ta shekara talatin a kan baƙi da abokan hamayya. Ina tsaye a bakin ruwan na gane cewa da safen nan na je wurin kafinta in sayi shekara biyar ɗin ƴata a farashin ranar asara.

Ranar Lahadi bayan la'asar na kira ta. Uwarta na gefe tana yanka kuɓewa, ta matso da tabarmarta don kada kalma ta wuce ta.

"Uwata, kawo mini hanyar nan tun daga inda ake lodi," na ce. "Kada ki tsallake tasha ko ɗaya."

"Baba, ba kamiyon ɗaukar kaya ba ne fa."

"Na sani. Faɗa mini dai."

Ta yi ajiyar zuciya ta fara. Ana tara su, a sanyaya, a miƙa wa hasken da zai ɗauka. A wurin miƙawar wasu suna zubewa, amma wannan an san da shi. Kura ta tashi a hankali, ta yi sauri a tsakiya, ta tsaya a hankali, duka tafiyar ba ta wuce numfashi ɗaya ba. Na tambaye ta yadda take ƙirga su. Ta ce sai an haska su an ɗauki hoto, kuma hasken yana watsa su, kayan da aka ƙirga sun tafi ke nan. Na ce to a ina take samun wasu? Ta ce injin yana sake tara sababbi duk bayan ƴan daƙiƙu, tun safe har yamma.

"Tsaya," na ce. "In kayan suka zube, kafin ki sha ruwa an sake yi miki lodi?"

"E."

"Kyauta?"

"Kyauta, Baba."

"Ba kuɗin duwan a bakin iyaka, ba kuɗin jirgi? To ke wace asara kike wa kuka? Ni in gilashi ya fashe sai na koma Kwatano."

Ta yi dariya, ta farko tun ranar Juma'a, amma ba ta daɗe ba. Ta ce ba kayan ne ke ƙarewa ba, kwanaki ne.

Sai na ba ta ilimina, ina ji da kaina. Na ce kaya ba a hanya suke fashewa ba, a wurin sauya hannu ne, daga mota zuwa jirgi, daga jirgi zuwa kan ɗan dako. Ta duba wurin miƙawar. Ta ce ta duba shi har ta gaji. Na ce ta sake dubawa, ruwa ba ya tsami banza. Sannan na faɗa mata dokar dattijon. Kasuwa uku. Kada ta yanki biye, kada ta gaya wa malaminta ta bari. Ta bi kayanta taku bayan taku. In kasuwa ta uku ta ci tana nan a kan bakanta, ni da kaina zan je Yamai in tarbe ta.

Wuƙar uwarta ta tsaya.

"Baba, ba ka so in dawo ne?"

Ban shirya wa wannan tambayar ba. Na ce, "Ba abin da nake so kamarsa. Jiya har tebur na sa a yi miki. Shi ya sa ba zan karɓa yau ba. Abin da aka kawo mini ana kuka ba na sayensa, Uwata, ko da ina mutuwar sonsa. Wata rana mai shi zai share ido ya ce na cuce shi."

Ta ce to. Ta aika gaisuwa ga yayyenta, ta kashe.

Da na ajiye wayar, sai uwarta ta dube ni. "Alhaji, Allah ya kawo maka ƴarka har bakin zaure, ka sa ƙafa ka tura ƙyaure. Wa zai yanka maka gilashin? Ƙwayoyin?" Na ce mako uku ne kawai. Ta ce ta san ƴarta, kuma ta san ni, mako ukun nan ba za su ƙare ba. Kwana biyu tana ajiye mini abinci ba ta zama.

Kasuwa ta farko ta ci ba labari. Ranar Juma'a ta kira a gurguje, idanunta sun faɗa, ta ce ta sake duba wurin miƙawar don ta cika mini alkawari, kuma lafiyarsa lau. Ta ce yanzu ta koma wani aiki mai cin rai, wanda ta taɓa yi sama-sama a baya: ta tura kayan faɗin yatsa ɗaya, ta dawo da su, ta ƙirga. Sabon lodi, yatsa biyu, ta dawo, ta ƙirga. Kowane mataki sau da yawa.

A mako na biyu kafinta ya kawo teburin, don kunya ta hana ni zuwa in ce ya bari. Aka sauke shi a ƙofar gida a gaban uwarta. Ta zagaya shi sau ɗaya, ta buga shi da hannu, ta ce katakon mai kyau ne, ta sa aka shigar da shi tsakar gida ta shanya kuɓewa a kai. A makon ne ƴata ta aiko saƙo cewa ta gano wurin. Har kusan kashi biyu cikin uku na hanyar kayan suna dawowa cif. Da an wuce wani ɗan wuri sai su yi zafi su watse. Ba a wurin sauya hannu ba ne, a tsakiyar hanya ne, inda na rantse mata ba a nan ba. Amma me ke wurin, ba ta sani ba. Ta goge dogon, ta auna shi, ta canja saurin tafiyar, duk a banza.

Kasuwa ta uku ta zo. Na wuni a shago wayar tana aljihun gaba, duk wanda ya kira sai in zaro ta da sauri. Ban san wace amsa nake roƙo ba. Da na yi sallar la'asar na ɗaga hannu, na rasa abin da zan ce, sai na ce Allah ya zaɓa mata. Ba ta kira ba. Washegari ma haka. Ni kuma ban kira in tuna mata wa'adi ya cika ba. Uwarta ta ce mu biyun jirgi ɗaya ya ɗauko mu, kowa ya iya ƙirga amma ya yi kamar ya manta.

Kwana biyar bayan haka ta kira da hantsi, lokacin da ba ta saba ba. Waya ce, ta ce. Wayar da ke kai wa kurar wuta, tana bin ta a baya duk inda ta tafi. A daidai wurin nan wayar tana gogar gefen tebur, ta ɗan riƙe ta saki, girgizar da hannu ba zai ji ba, amma ta isa ta kaɗa ƙwaryar. Ba da na'ura ta gano ba. Ta kashe hasken ne ta durƙusa tana kallon kurar tana kai da komo, sau ɗari ko fiye, har idonta ya sauka a kan wayar. Ta ɗage ta, ta rataye ta da zare daga sama. Lodin farko bayan haka ya isa, fiye da rabi, da sanyinsa.

Na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Bayan ta kashe na zauna a kan benci na daɗe. Wata mata ta shigo neman madubin kayan ɗakin ƴarta, sai da ta yi sallama sau biyu.

Wajen wata guda bayan nan ta aiko hoto. Layi ne kawai a kan allon na'ura, mai tozo biyu. Ta ce in ba kowa tsakanin madubai, hasken da ke fita tozo ɗaya yake yi. In ƙwayoyin suna ciki kuma sun kama hulɗa da hasken, suna karɓa suna mayarwa, tozon sai ya rabu biyu. Abin da ta shekara biyar tana nema ke nan. Na sa aka wanke mini hoton, na yanka masa gilashi da sassafe lokacin da hannuna ke da natsuwa, ja ɗaya, ya fita daidai.

Malaminta ya samo mata ƙarin wata biyu ta gama rubutu. Ranar da ta tsaya gaban malamai don kare bincikenta muka kalla a waya, uwarta ta ci ado kamar za ta gidan suna. Faransancina na kasuwa ne da na duwan, ban tsinci komai ba sai sunan garinmu da ta ambata a ƙarshe. Kafin ta zo hutu an riga an ba ta aiki a wani ɗakin binciken, a wata ƙasar. Ta yi mana wata guda. Ana gobe za ta koma ta tambaye ni ko in tana aiko kuɗi zan ɗauki mai yanka. Na ce yanka ba kuɗi yake so ba, ido yake so a kansa, kuma nawa idon ya gaji.

Yanzu in na zauna na auna, ga abin da ya fita. Na bar yanka. Shagon ya koma rabin abin da yake, madubai ne masu firam da aka gama daga can, sai kofuna da faranti, kayan da kowa zai iya sayarwa. Maginan Bengu da Bana suna kai awonsu wani wuri. Abin da na koya a shekara talatin, na kunne da na yatsa, ba wanda zai gaje shi a gidana. Ƴata sau ɗaya muke ganinta a shekara, wani lokacin ba ta samu ba. Uwarta tana tsufa ba mace a kusa da ita, kuma ba ta taɓa janye maganarta ba, ni ma ban nemi ta janye ba, don ba ƙarya ta yi ba. Wannan ita ce asarar, kuma ni na jawo ta da bakina, a rana ɗaya, alhali ribar tana tafin hannuna.

A ɗaya gefen abu ɗaya ne tak. In ta kira ranar Juma'a tana kallona ido cikin ido, ba ta bin ni komai a zuciyarta, ni ma ba na sunkuyar da kai. In wata rana ta dawo, da ƙafarta za ta dawo, ba korarriya ba. In ana ƙirgawa da yatsu asarar ta fi yawa, kuma da safe in ina buɗe ƙofar shago ita nake fara ji. Amma na auna su a sikeli ɗaya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma kullum gefen ƴata ne ke sauka. Na faɗi, amma ban yi mugun ciniki ba.